Garin da Shitu Magini Ya Shimfiɗa a Kan Daɓe

Shitu Magini ɗan kawuna ne, wato taubashina, saboda haka duk abin da zan faɗa a kansa na riga na faɗa masa ido da ido tun yana raye. Gajere ne, mai faɗin ƙafa. Takalmin kasuwa bai taɓa shigarsa ba, sai wanda aka yanka masa daga tsohuwar tayar mota. Da wannan ƙafa yake awon gini. In ka ce kana son ɗaki, sai ya tuɓe takalmin, ya taka filin yana motsa baki, ya tsaya ya ce, "Nan." Kuma nan ɗin ne. Bai yi boko ba, karatun allonsa ma bai yi nisa ba, amma daga Tiga har Bebeji ban san soron da ya ɗaura ya faɗo wa mai shi a ka ba.

A Rafin Marke aka haife mu. Kada ka wahalar da kanka neman garin, yana ƙarƙashin ruwan Tiga tun da aka tare kogin. Da aka tashe mu, sai aka kai mu kan tudu, aka yanka fuloti layi-layi, aka zuba lambobi a hula kowane maigida ya ɗauka. Mai lamba bakwai ya zauna kusa da mai lamba takwas, ko sun taɓa gaisawa ko ba su taɓa ba. Ni ba na cikin masu kukan tsohon gari. Sauro ne da taɓo, ga kunama. Sabon wurin akwai hanyar mota, akwai kifi, akwai noman rani, kuma nan na samu aikin koyarwa a firamare. Amma gaskiya ne an yamutsa mu. Matar da ta shekara talatin tana miƙa wa maƙwabciyarta garwashi ta kan danga, ta wayi gari sai ta ƙetare layi huɗu kafin ta gan ta.

Kusan rabin gidajen sabon garin Shitu ne ya gina su. A jikin nasa gidan ya yi wani zaure, taku bakwai a tsaye, biyar a kwance, don ajiye cebur da sangwami da igiya.

A shekarar 1982 wata tsohuwa mai suna Asibi ta rasu. Ɗanta yana shirin komawa Kano da iyalinsa, ga dutsen niƙanta da ta sa aka ɗauko a kan jaki daga tsohon gari. Injin niƙa ya riga ya zo, ba wanda yake son dutsen. Ɗan ya kai wa Shitu, ya ce ya sa a harsashin wani gini. Shitu ya karɓa, ya mirgina shi cikin zauren, ya kai shi can kusurwar gabas maso arewa. Ina wurin, na je aron tsani.

Na ce, "Kai kuwa me ya hana ka ajiye shi a bakin ƙofa? Sai ka karya bayanka a banza?"

Ya ce, "Can ne gidanta."

Ban gane ba sai bayan wata biyu, da maƙerin garinmu ya daina aiki ya kawo uwar maƙerarsa. Shitu ya ajiye ta ta kudu, inda maƙera take a tsohon gari. Sai ya ɗauki ƙusa ya ja wata karkatacciyar kwari a kan daɓen, daga wannan bango zuwa wancan, ya ce rafi ne. Ya binne bakin fasasshen tulu a tsakiya, ya ce rijiya. Ƙyauren tsohon masallaci, wanda ya daɗe a jingine a gidan liman, ya koma jikin bangon gabas. Ƙofar zauren kuwa ita ce ƙofar gari ta yamma, inda hanyar Kiru take shigowa.

Daga nan abin ya fi ƙarfinsa. Kowane gida ya kawo abu guda: turmi, garma, akushi, ƙoshiyar masaƙa, muciyar marina. Shitu ya kwashe kayan aikinsa ya mayar ƙarƙashin gado, matarsa tana mita. Doka ɗaya ya kafa, kowane kaya ya zauna inda gidan mai shi yake. Malam Hamidu, Bafulatanin da rugarsu take bayan gari ta arewa, ya kawo ƙwaryar tatsar uwarsa. Shitu ya fafe 'yar alkuki a jikin bangon ta waje ya sa ta a ciki. Hamidu ya duba ya ce daidai, su dama ba su taɓa kwana cikin gari ba.

Mutane suka sa wa wurin suna Ɗakin Tsohon Gari. Maza kan shiga bayan la'asar, mata da hantsi. Za ka ga tsoho ya shiga ta ƙofa, ya bi ta gefen rijiya, ya ɗaga ƙafa ya tsallake rafin da bai kai faɗin yatsa uku ba, ya je ya tsaya a kan garmar ubansa, sannan ya fito ya tafi sayen goro. Ni kaina na kai akushin babana. Ban yi kuka ba, amma na lura Shitu ya ajiye shi kusa da bola, kuma a nan gidanmu yake.

Akwai wasu tsofaffi biyu da dole in gabatar da su, Kande da Laraba. A tsohon gari rafi ne tsakanin gidajensu. Wata shekara akuyar Laraba ta ƙetare ta cinye kuɓewar da Kande ta shanya. Tun daga ranar ba su ƙara magana kai tsaye ba. In sun haɗu a gidan suna, sai Kande ta ce wa wata, "Ki gaishe mini da waccan," Laraba kuma ta ce, "Ki ce mata ina amsawa." Akuyar ta daɗe da zama kilishi, garin ya nutse, maganar tana nan. Kowaccensu turmi ta kawo. Shitu ya ajiye na Kande ta arewa da rafi, na Laraba ta kudu.

Shekara goma sha ɗaya ana haka. Malaman makaranta suka fara kawo ɗalibai daga Kiru da Dangora, wata rana har mota guda daga Tudun Wada da Doguwa. Zauren ba ya ɗaukar mutum goma. Rufin ya fara yoyo, gara ta ci gindin ƙyauren masallaci, wani malami mai ƙiba ya taka rijiya ya fasa ta. A nan ne ƙungiyar ci gaban gari ta ce za a faɗaɗa wurin a gyara shi. Shugabanta Alhaji Labaran, mai sayar da hatsi a Kano, ya ce yana da wanda zai zana ginin, kuma ɗan gari ne: Jibrin, jikan marigayiya Asibi, wanda ya karanta zanen gine-gine a Zariya. Yana ɗan shekara biyar aka tashi garin.

Jibrin ya zo a kan Vespa da farar riga da tef ɗin awo. Yaro ne mai ladabi, ya durƙusa har ƙasa ya gaishe da Shitu. Ya yi awonsa ya tafi. Bayan mako uku ya dawo da nannaɗaɗɗiyar takarda, aka taru a ajina don shi ne mai babban tebur. Ni ce mai rubuta abin da aka tattauna, don ni kaɗai ce a cikin sa'o'ina na yi sakandare.

Zanen ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Ɗakuna uku a jere da baranda a gaba: na kayan girki, na kayan noma, na kayan sana'a. Kantoci a jikin bango, manyan tagogi, banɗaki a baya. Har 'yan mutane ya zana suna tsaye suna kallo. Alhaji Labaran ya ce, "Kai, kamar a Kaduna!" Aka tafa. Aka ce don girmamawa Shitu ne zai yi ginin. Na rubuta "an amince" da hannuna, kuma har zuciyata na amince. Shitu ya naɗe takardar ya fita da ita.

Washegari ina shanya wanki sai ga shi da takardar a hammata.

"'Yar boko, zo ki karanta mini wannan."

"Ba karatu ba ne, zane ne. Yau dai ka zo hannu."

Ya shimfiɗa ta a ƙasa, ya juya samanta ya fuskanci gabas. Na ce masa saman takarda arewa ne, ga kibiya nan. Ya dube ni.

"Wane irin mutum ne zai fara gari daga arewa?"

"Haka ake yi a duniya."

"To. Ina rijiya?"

"Babu rijiya. Ga banɗaki dai."

"Rafi fa?"

"Babu."

"Turmin Kande?"

Na nuna masa ɗakin farko. "Nan, tare da sauran turame."

"Har da na Laraba?"

"Turmi ai turmi ne, Shitu."

Ya yi dariya har ya riƙe ciki. Da ya gama, sai ya zauna a kan kujerar tsakar gida ya daɗe yana kallon takardar.

Ya ce, "Dije, ruwa ya watsa mu sau ɗaya. Lambar cikin hula ta sake watsa mu. Wannan ce ta uku, kuma ni za a miƙa wa cebur."

Na ce to ya je ya faɗa musu mana, bakinsa ba ciwo yake ba. Ya ce in ya ce ba ya so, za a ce tsoho ya ƙi ci gaba, a ɗauko ɗan kwangila daga Kano da bulo da siminti, a gama cikin wata biyu. Wannan kuwa gaskiya ne, na san Alhaji Labaran.

Shitu yana da wata al'ada a aikinsa da ya gada wurin ubansa. Ba ya haƙa harsashi sai ya zana ginin gaba ɗaya a ƙasa da toka, daidai girmansa, har da ƙofofi. Sannan mai gida ya kwaso kayansa ya shiga cikin zanen. Ya ajiye gado inda gado zai zauna, matarsa ta ɗora tukunya inda murhu zai kasance, a wuni a ciki. Yana kiran abin shigar toka. Mutane suna yi masa dariya, amma a shigar toka ne wani ya gano gadon ƙarfensa ba zai bi ta ƙofa ba, wani kuma ya gano tagar ɗakinsa tana kallon shaddar maƙwabci.

Sai ya aika wa Jibrin cewa ya yarda da zane, amma ba zai sa cebur ba sai an yi shigar toka. Jibrin ya ji daɗi. Ya ce su ma a makaranta suna yin irin haka, sai dai da kwali.

Ni ce ban ji daɗi ba. Na ce, "Ka san me kake yi kuwa? Kaya sun fi sittin a zauren nan. Masu wasunsu sun mutu. In aka kwashe, kai kaɗai ka san mazaunin kowanne. In ka manta fa?"

Ya ce, "In na manta, ai dama shirin mantawar ake yi."

Aka sa ranar Asabar, bayan an gama shigar da amfanin gona. Tun ranar Juma'a matan unguwa suka tara masa toka kwando uku. Ya zana ɗakunan a filin da ke jikin zauren, bai rage ko yatsa ba. Ranar ce ya fara riƙe tef a rayuwarsa. Ya auna da shi, sannan ya bi ya taka da ƙafa, ya ce wa Jibrin, "Igiyarka tana da gaskiya."

Da hantsi gari ya hallara. Kowane gida ya shiga ya ɗauko kayansa, na waɗanda suka mutu kuwa duk wanda hannunsa ya kai. Ni ina tsaye da takarda ina kira: kayan noma nan, kayan sana'a can. Kafin a jima zauren ya zama wayam. A waje kuwa ga turmi tara a jere, garma goma sha ɗaya, dutsen niƙa shida. Alhaji Labaran ya zagaya ya dawo, ya ce a hankali, "Sai ka ce layin 'yan gwanjo a kasuwar Kiru."

Sai ga Kande tana dogara sanda. Ƙawar kakar Jibrin ce, don haka mijinta take kiransa.

"Kai maigidan nan marar cefane, ina ka kai ni?"

"Ga ki nan, Iya, a ɗaki mai kyau. Har da taga."

Ta duba turminta. Ta duba na kusa da shi, wanda yake jingine da nata kamar sun sha nono ɗaya. Ta juyo wurina.

"Dije, na wace ce wannan?"

Na san amsar, kowa ma ya sani. Laraba tana zaune a inuwa, ta ɗaga murya ta ce, "Dije, ki ce mata nima ban nema ba."

"Ki ce mata ko a kabari ba na son wannan maƙwabtaka."

"Ki ce mata nata ne ma ya jingino, ga shi nan duk tsaga."

Mutane suka fashe da dariya. Jibrin ya ce, "Iya, a yi haƙuri. Za a rubuta sunan kowa a jikin kayansa."

Kande ta ce, "Wa zai karanta? Ni?"

Ana cikin haka Malam Hamidu ya iso da sandarsa a kafaɗa. Ya sami ƙwaryar uwarsa a tsakanin akushi da tukwane. Ya tsaya ya yi murmushi.

"Ashe an shigo da mu gari. To madalla. Ina zan ɗaure shanun, a ɗakin noma ko a baranda?"

Alhaji Labaran ya ce, "Tun da kun shigo, sai ku fara zuwa aikin gayya."

"A'a, Alhaji, a mayar da ni daji da mutuncina."

Jibrin bai karaya ba, kuma na yaba masa. Ya tsaya a tsakiyar zanen ya yi bayani da kyau. Ya ce baƙon da ya zo daga nesa ba ruwansa da akuyar kowa, yana so ne ya ga yadda ake niƙa da yadda ake huɗa. Ya ce kaya a ƙasa gara za ta gama da su, ga ƙyauren masallaci shaida. Ya ce a duk inda ake irin wannan aiki haka ake jerawa. Ya ciro alli daga aljihu, ya ce bari ma ya fara rubuta sunayen tun yanzu. Ya yi turame, masu su suna nunawa. Ya zo kan duwatsun niƙa, ya durƙusa, ya ce, "Wanne ne na kakata?"

Mutane suka matso suna dubawa. Duwatsu shida, duk farare-farare, duk sun lotsa a tsakiya. Masu huɗu daga ciki sun mutu. Waɗanda suka ɗauko su kuwa ɗauka kawai suka yi.

Kande ta nuna na biyu da sanda. Laraba, da ta ga haka, ta ce na biyar ne, ko shakka babu.

Jibrin ya juya. "Baba Shitu, kai ka karɓe shi."

Na ɗauka Shitu wasa zai ja, sai na ga fuskarsa. Ya zagaya duwatsun sau biyu, ya shafa wannan ya shafa wancan. Ya ce, "Wallahi ban sani ba. Ni ban taɓa sanin dutsen ba. Wurinsa na sani."

Dariya ta tsaya. Na ce a raina, ga abin da na faɗa ya faru, kuma da dutsen da aka fara da shi. Jibrin yana durƙushe da alli a hannu.

Shitu ya sosa ƙeya, ya shiga zauren, ya jima, sannan ya leƙo. "Ɗauko na farko ka biyo ni."

Daɓen zauren na ƙasa ne. Abin da ya shekara goma a wuri ɗaya sai ya bar gurbinsa. A kusurwar gabas maso arewa akwai wani ɗan rami mai kusurwa uku, da tudu a gefe guda. Jibrin ya rungumo dutsen farko ya ɗora, ya yi ta girgiɗi. Ya mayar, ya ɗauko na biyu, na Kande, ya fi gurbin girma. Laraba ta ce, "Dije, ki ce mata sannu." Na uku bai zauna ba. Farar rigar nan ta zama ja, gumi yana ɗiga daga haɓarsa, ya hana kowa taya shi. Na huɗu yana sauke shi ya shige gurbin ya zauna daram, ko motsi.

Kande ta ce, "Dama shi nake nufi, sandar ce ta karkace."

Jibrin ya zauna a ƙasa yana mayar da numfashi. Daga inda yake ana ganin daɓen gaba ɗaya babu kaya a kai: da'irar gindin kowane turmi, layin bakin kowace garma, rafi, rijiya, da hanyoyin da ƙafafun mutane suka goge har suna sheƙi. Ya daɗe yana kallo. Sai ya ce, "Malama, a ba ni takardar nan." Na miƙa masa. Ya juya bayanta, ya ciro fensir, ya ce kada kowa ya ƙara taka ciki.

Ya ce wa Shitu, "Baba, ashe akwai zane a nan, ni ne na zo na auna bango na tafi. Amma zan faɗa maka gaskiya. Rufinka yana yoyo, gara tana cin kayan mutane, kuma yau ka ga da idonka abin da zai faru ranar da babu kai."

Shitu ya ce, "Na gani. To ka rubuta, tun da hannunka ya iya."

Kwana uku suka yi a durƙushe. Jibrin yana awo, Shitu yana faɗar sunan gida, ni ina rubutawa, tsofaffi suna bakin ƙofa suna gardama. A nan asirin taubashina ya tonu. Ya ajiye tsohon cebur ɗin ubansa gida biyu daga masallaci. Kande ta ce ƙarya ne, gidan su Shitu yana bayan marina, inda wari ba ya barin mutum cin tuwo. Laraba ta ce, "Ƙwarai kuwa, bayan marina." Ta faɗa kai tsaye, ba ta bi ta kaina ba, sai da ta gama ta ankara. Shitu ya ce wuri ne ya yi masa kaɗan. Na ce masa wurin bai yi kaɗan ba lokacin da zai ajiye akushin babana a bakin bola. Aka mayar da cebur bayan marina.

Sabon zanen da Jibrin ya kawo ɗaki guda ne babba, taku ashirin a tsaye, goma sha huɗu a kwance, babu bango a ciki. Gabas ce a saman takarda. Alhaji Labaran ya tambayi ina kantocin da ɗakuna uku, aka tuna masa da layin 'yan gwanjo, ya haƙura. Suka yi ta ja-in-ja a kan sauran. Jibrin ya ci nasara a kan harsashin dutse da siminti saboda gara, da tagogi a sama, da kwano a kan rufin. Shitu ya ci nasara a kan bangon tubali da rufin azara mai baka, da daɓen ƙasa. Banɗaki ya zauna a baya, ba wanda ya yi musu da shi.

Matsala ɗaya ta rage. Ɗaki mai wannan faɗi ba ya tsayawa sai da ginshiƙai huɗu a ciki, kuma duk inda Jibrin ya sa ginshiƙi sai ya faɗa a tsakar gidan wani. Shitu ya dubi takardar, wadda yanzu yake iya riƙewa daidai, ya ce, "A tsohon gari akwai manyan itatuwa. Tsamiyar kasuwa, marken bakin rafi, ɗorawar liman, kukar ƙofar gidan Kande. Ka sa su a nan, ba gidan wanda za su ci."

Jibrin ya tafi da lissafinsa ya dawo. Uku sun yi daidai ko kusa. Kukar ce ta ƙi. Ya ce in ba a matsar da ita taku biyu zuwa kudu ba, rufin zai sauko a kan mutane. Shitu ya taka, ya dubi sama, ya ce yaron yana da gaskiya. Suka yanke shawara kada a faɗa wa Kande.

An buɗe ginin a 1995, bayan ƙaramar salla. An sake shigar toka kafin a haƙa harsashi, kuma a wannan karon Jibrin ne ya nema. Kowane kaya ya koma gurbinsa, da lamba a gindinsa da ta dace da ta taswirar da ke rataye a bakin ƙofa. Ƙwaryar Hamidu tana waje ta arewa, an yi mata 'yar rumfa. Shitu ya shekara huɗu yana buɗe ƙofar da safe yana rufewa da yamma, kafin ciwon ƙirji ya ɗauke shi. Bai bar dukiya ba, sai gidaje da yawa da ba sa yoyo.

Ranar buɗewar, Kande ta shiga ta ƙofar yamma, ta bi ta gefen rijiya, ta doshi gidanta, ta ja ta tsaya. Ta dubi turminta, ta dubi ginshiƙin.

"Shitu! Wa ya taɓa mini kuka?"

"Wace kuka, Iya? Tana nan inda take."

"Shekara arba'in ina daka a inuwarta. Ka ga inuwa a nan?"

Jibrin ya fara bayanin nauyin rufi. Ta ce ya rufe mata baki, mijin da bai taɓa kawo ko gishiri ba. Ta jingine sandarta, ta kama turmin ta mirgina shi da kanta, taku biyu zuwa kudu, har ya jingina da ginshiƙin. Da ta ɗago, sai ga turmin Laraba a gabanta, babu komai tsakaninsu sai rafin nan mai faɗin yatsa uku.

Laraba tana tsaye a ƙetare. Ta ce, "Dije, ki ce mata ta kula da shanyarta. Har yanzu ina da akuya."

Taswirar da ke bakin ƙofa ta nuna gidan Kande taku biyu daga inda turmin yake. Na sha gaya wa Jibrin ya gyara ɗaya daga ciki, ko takardar ko turmin. Har yau bai gyara ba.